Koyon Faransanci ta Intanet a Gabashin Greensboro: Atisaye Zai Wadatar, Ko Sai da Malami?

Birnin Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa, wanda ƙidayar 2020 ta nuna yana da mutane kusan 300,000, yana cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka fi taruwa. Tun shekarun 1990 Zabarmawa da Hausawa da sauran 'yan ƙasar suke sauka a can, wani ya jawo wani, aka yi iyali, aka haifi 'ya'ya, har 'ya'yan suka isa shiga jami'a. A irin waɗannan gidaje harshe huɗu ne ke kai da komo: Hausa ko Zabarmanci tsakanin manya, Ingilishi a bakin yara, Larabci wajen salla da karatun Alƙur'ani, sai Faransanci da ya rage a takardu da labaran gida da saƙonnin da dangi ke turowa daga Yamai. Na huɗun nan shi ya fi saurin zubewa. Yaron da ya tashi a gabashin birnin, ya yi sakandare a Dudley, ya wuce jami'ar A&T da ke titin East Market, babu abin da ke tilasta masa buɗe baki da Faransanci. Ranar da buƙatarsa ta taso, hanya mafi kusa kuma mafi araha ita ce wayar da ke aljihunsa. A nan mutane suka rabu biyu. Wasu na ganin atisayen intanet da aka tsara mataki-mataki ya isa ya koya wa mutum harshen, wasu kuma na cewa wasa ne kawai da aka lulluɓe da sunan karatu.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a san abin da ake magana a kai. A 2001 Majalisar Turai ta wallafa wani ma'auni na bai ɗaya da ya kasa ƙwarewar harshe zuwa matakai shida, daga A1 na ɗan koyo zuwa C2 na wanda ya goge. Kusan duk wuraren koyon Faransanci na intanet a kan wannan ma'auni suke jera darussansu. Tashar TV5Monde tana ɗauko gajeren bidiyo daga shirye-shiryenta, ta biyo shi da tambayoyi daidai matakin mai koyo. Gidan rediyon RFI yana karanta labaran duniya cikin sassauƙan Faransanci, ya haɗa da rubutun abin da aka faɗa da atisayen saurare. Manhajar Duolingo, wadda aka buɗe wa jama'a a 2012, ta mai da darasin kamar wasa, da maki da lissafin kwanakin da mutum ya jera bai yi fashi ba. Salon aikin duk kusan ɗaya ne: a ba ka jimla da gurbi ka cike, ko amsa uku ka zaɓi ɗaya, ko kalmomi a warwatse ka jera su, kana dannawa a faɗa maka ko ka dace ko ka kuskure.

Hujjar farko ta masu goyon baya ita ce tsarin kansa. Harshe ba ya shiga kai a dunƙule, kuma abin da ya fi kashe wa ɗan koyo gwiwa shi ne a jefa shi cikin maganar da ta fi ƙarfinsa. Wanda bai iya gaisuwa ba, in aka kunna masa muhawarar 'yan majalisa, hayaniya kawai zai ji. Masanin harshe Stephen Krashen ya yi suna a shekarun 1980 da ra'ayin cewa mutum yana samun harshe ne idan abin da yake ji ko karantawa ya ɗan ɗara matakinsa kaɗan, yadda zai gane akasari ya kuma lalubo sauran. Bahaushe bai buƙaci a yi masa dogon bayani a kan wannan ba, domin haka makarantar allo take tun fil azal: a fara da babbaƙu, a shiga farfaru, ba a wanke allo sai an iya abin da ke kansa. Atisayen intanet ya ɗauki wannan tsari ya danƙa wa kowa, har da wanda ba shi da mai nuna masa inda zai fara.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, don akwai gwaji a bayanta. A 2008 masu binciken halayyar ɗan'adam biyu, Jeffrey Karpicke da Henry Roediger, suka ba ɗaliban wata jami'a a Amurka kalmomin Swahili 40 da ma'anarsu su koya. Wasu aka ci gaba da yi musu tambaya a kan kalmomin ko bayan sun iya su, wasu kuma da zarar sun amsa daidai sau ɗaya sai a daina tambayarsu. Bayan mako guda, rukunin farko ya tuna kusan kashi 80 cikin ɗari, na biyu kuwa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin uku ba. Ashe tilasta wa ƙwaƙwalwa ta zaƙulo abu ita ke kafa shi, fiye da maimaita kallonsa a takarda. Wannan shi ne ainihin aikin atisaye. Malamin da ke gaban yara 25 ba zai iya yi wa kowannensu tambaya 50 a darasi ɗaya ba, balle ya tuna kalmar da wane ya kuskure shekaranjiya ya dawo masa da ita yau. Na'ura tana yin haka ba gajiya, ba tsawa, ba ƙosawa.

Hujja ta uku ta shafi Faransanci musamman, harshen da rubutunsa da furucinsa suka yi hannun riga. Ɗauki aikatau na yin magana: a rubuce akwai je parle da tu parles da ils parlent, ƙarshe uku mabambanta, amma a baki sautinsu ɗaya ne. Haka parler da parlé da parlez, kunne ba ya raba su, alƙalami kuwa dole ya raba. Wannan ya sa ake samun magidancin da ya yi shekaru yana ciniki da Faransanci a kasuwar Yamai ko tashar jiragen ruwa ta Kwatano, bakinsa garau, amma in aka ce ya rubuta wasiƙa ta layi biyar sai gumi ya keto masa. Irin wannan mutum ba hira yake nema ba, yana da ita. Gyaran rubutu yake nema, kuma ba zai so ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa ana yi masa jan biro ba. Wayarsa tana rufa masa asiri. Ga kuma batun lokaci da kuɗi. Mai aikin dare a masana'anta ko ɗakin ajiyar kaya, ko direban da ke yini a hanya, ba shi da sa'a tsayayya da zai ware wa aji. Atisayen TV5Monde da na RFI kyauta ne, wanda ba shi da intanet a gida kuma yana iya shiga ɗakin karatu na McGirt-Horton da ke titin Phillips, ko na Vance Chavis da ke titin Benbow, ya yi amfani da kwamfuta ba tare da ya biya ko sisi ba.

Masu adawa ba su musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da suke cewa shi ne, zaɓen amsa daban, magana daban. Wanda aka jera wa amsa uku an riga an yi masa rabin aikin, ganewa kawai ya rage masa. A gaban mutum mai rai babu wanda zai jera maka komai. Dole ka nemo kalmar, ka daidaita ta da jinsi da lokaci, ka furta ta yadda za a ji, duk kafin mai sauraro ya gaji da jira. Su ma suna da shaidarsu. A Kanada, tun 1965 aka fara koyar da yara masu jin Ingilishi dukkan darussansu cikin Faransanci. Da Merrill Swain ta nazarci irin waɗannan yara, ta bayyana a 1985 cewa bayan shekaru suna sauraro da karatu fahimtarsu ta yi nisa, amma nahawunsu a magana da rubutu bai kai na 'yan asalin harshen ba, saboda ba a cika matsa musu su ƙera doguwar magana da kansu ba. Idan yaran da suka yini cikin harshen a aji sun gamu da wannan gibi, ina ga wanda dangantakarsa da harshen ba ta wuce danna allon waya ba? Jarrabawar DELF, wadda hukumomin ilimi na Faransa suka kafa a 1985, ta san da haka. Maki 100 ne aka raba huɗu daidai, saurare da karatu da rubutu da magana, kowanne 25, kuma wanda ya kasa samun 5 a ɗaya daga ciki ya faɗi, komai yawan makinsa a sauran. Rabin jarrabawar ke nan yana kan abin da mutum zai fitar da kansa.

Ƙorafi na biyu lissafi ne. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar sa'o'i 600 zuwa 750 na aji kafin ya iya aiki da harshe irin Faransanci, kuma wannan ga zaɓaɓɓun mutane ne da ba su da wani aiki sai karatun. Wanda ke ba waya minti goma a kullum, ko bai yi fashin rana ɗaya ba, a shekara bai haɗa sama da sa'o'i 61 ba. A wannan tafiya sai ya shekara goma kafin ya cika adadin. Haɗarin shi ne manhajar ba ta faɗa masa haka. Tana taya shi murnar ya jera kwana ɗari, ta ba shi lamba, ta nuna masa ya wuce abokansa a maki, shi kuma ya ɗauka ya iya. Kamfanin da ke samun kuɗinsa daga talla da kuɗin rajista, abin da ya fi damunsa shi ne mutum ya dawo gobe, kuma dawowa gobe ba ita ce iyawa ba.

Ƙorafi na uku shi ne ba don mu aka tsara waɗannan darussa ba. Bayanin da ke cikinsu galibi da Faransanci ne ko Ingilishi ko wani babban harshen duniya, don haka uwar da ba ta yi boko ba, wadda Hausa kaɗai take ji sosai, ƙofar a rufe take gare ta tun daga farko. Ko ga mai jin Ingilishi ma, darasin yana ɓata lokaci a inda Bahaushe ba ya buƙata. Ana doguwar shimfiɗa don fahimtar da Ba'amurke cewa suna yana iya zama namiji ko mace, alhali Bahaushe da wannan ya tashi. Abin da ke ba shi wahala shi ne jinsin ba ya faɗawa wuri ɗaya: rana mace ce a Hausa amma namiji a Faransanci, wata namiji ne a Hausa amma mace a can. Malamin da ya san harsunan biyu cikin minti biyu zai nuna masa wannan tarko. Sannan misalan da yawa na rayuwar Faris ne, sayen tikitin jirgin ƙasa da zaman gidan shan kofi, alhali mai koyon yana so ne ya karanta takardar fili ko ya gane abin da likita ya rubuta wa mahaifiyarsa a Maraɗi.

Akwai kuma ƙorafin da ya fi duk waɗannan nauyi, wanda ya wuce batun hanya ya taɓa harshen kansa. A Yamai ne aka kafa ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ranar 20 ga Maris 1970, kuma shugaba Diori Hamani yana cikin waɗanda suka assasa ta. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar, kuma a wannan watan ne sabuwar dokar da ke jagorantar mulkin ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mali da Burkina Faso sun riga ta sauke Faransanci daga matsayin harshen hukuma. To, in ji masu wannan ra'ayi, don me za a sa yaron da ke Amurka ya bi harshen da gida ma ake ja da baya da shi? Yaron nan Hausarsa ta soma rauni, kakarsa in ta kira a waya sai an yi musu tafinta. Sa'ar da za a ba Faransanci, ba gara a ba Hausa da Alƙur'ani ba? In ma don neman aiki a Amurka ne, Sifaniyanci ya fi yawan masu magana da shi a Karolina ta Arewa nesa ba kusa ba.

Wannan ƙorafi ya cancanci amsa ta gaskiya. Sauke harshe daga kujerar hukuma ba ya goge shi daga takardu. Takardar haihuwa da ta aure da ta fili da shaidar makaranta da iyayen nan suka zo da su, da Faransanci aka rubuta su, kuma dokar da ta ɗaukaka Hausa ita ce ta bar shi a matsayin harshen aiki. Duk ɗan da wata rana zai koma bin gadon mahaifinsa ko gina gida ko buɗe sana'a, zai ci karo da shi a ofis. Bayan Nijar akwai Benin da Togo, inda kayan 'yan kasuwarmu suka saba sauka, akwai Kodebuwa da Senegal da Chadi da Kamaru, duk wuraren da Hausawa ke zaune kuma Faransanci ke aiki a hukumance. A nahiyar Amurka ta Arewa ma yana da kasuwa: tun 2023 Kanada ta ware rukuni na musamman a tsarinta na karɓar baƙi ga masu ƙwarewa a Faransanci, kuma sharaɗin ya haɗa da magana da rubutu. Ɗalibin sakandare a Karolina ta Arewa kuwa yana iya samun hatimi a takardar kammalawarsa idan ya nuna ƙwarewa a wani harshe bayan Ingilishi. Mutum yana iya adawa da siyasar Faransa a Sahel ya kuma riƙe harshen a matsayin kayan aiki, kamar yadda 'yan Najeriya suka riƙe Ingilishi bayan tafiyar Turawan mulki a 1960.

Batun Hausa kuwa, masu ƙorafi sun yi gaskiya a kan abin da ya kamata a fifita, amma sun kuskure wajen gano mai laifi. Ba Faransanci ne ke cinye Hausar yaran Greensboro ba, Ingilishi ne, da kuma iyayen da ke amsa wa yaro da Ingilishi don sauƙi. Hausa ba a waya za a koye ta ba, a ɗaki da kicin da wajen suna da biki ake shan ta, kuma wannan fage ba ya karo da rabin sa'ar da yaro zai ba atisaye bayan ya gama aikin makaranta. Hasali ma yaron da ya riƙe Hausa da kyau ya fi samun sauƙin harshe na uku, ko don jinsin suna da ya riga ya saba da shi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Idan aka auna ɓangarorin biyu, za a ga kowanne ya kama gaskiya ta gefe ɗaya. Atisaye ya ƙware a abin da ke buƙatar maimaici da gyara: kalmomi, ƙa'idar rubutu, sarrafa aikatau, saba wa kunne. Ya gaza a abin da ke buƙatar mutum: ƙera magana, jure kuskure a gaban jama'a, gane raha da habaici. Najeriya ta fahimci haka tun 1991, lokacin da ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry domin ɗaliban jami'o'inta masu nazarin harshen su je su zauna cikinsa, don an ga aji kaɗai bai isa ba. Abin da ya bambanta Greensboro da yawancin garuruwan Amurka shi ne abin da atisaye ya rasa yana nan a cikin gida. Ba'amurken da ke koyon Faransanci sai ya biya kuɗi kafin ya sami wanda zai yi hira da shi. Ɗan gidan 'yan Nijar kuwa yana da uba ko kawu ko maƙwabcin da ya yi lakwal, wani ma har jami'ar Abdou Moumouni, ga kuma sauran baƙi daga ƙasashen Afirka masu amfani da harshen da ake haɗuwa da su a masallaci da kanti. Manyan suna da baki amma ba su da tsarin darasi, wayar tana da tsari amma ba ta da baki. Haɗa su shi ne maganin, kuma ba ya cin kuɗi.

Yadda za a haɗa ɗin ma ba wani abu ne mai wuya ba. Mai koyo ya fara da gwajin tantance mataki, kada girman kai ya sa ya tsallake inda ya dace da shi. Ya ba atisaye aƙalla rabin sa'a a rana, ya fifita mai sa shi rubuta amsa da hannunsa a kan mai ba shi zaɓi. Duk abin da ya koya a mako, ya biya shi da baki a gaban wani babba, ya ba da labarin da ya saurara, a yi masa tambaya ya amsa, a gyara masa. Ya rubuta saƙo na gaske zuwa ga ɗan'uwa a gida, ya karanta takarda ta gaske daga cikin na mahaifinsa. Ya kuma sa wa kansa ranar zama jarrabawar da hukuma ta sani, domin ita ce za ta faɗa masa gaskiyar matakinsa, ba makin manhaja ba.

Hukuncin da hujjojin nan suka kai mu shi ne, atisayen intanet ya isa a fara da shi, bai isa a tsaya a kansa ba. Ga magidancin da ke da harshen a baki yana neman gyaran alƙalami, zai iya biya masa mafi yawan buƙatarsa. Ga yaron da aka haifa a Amurka, rabin aikin kawai zai yi, sauran rabin yana wuyan iyaye. Kira ga iyaye da ƙungiyoyin 'yan ƙasa da shugabannin masallatai a Greensboro shi ne, a tabbatar da Hausa da karatun addini a gida tukuna, sannan a ware wa masu son Faransanci zama ɗaya a mako inda manya za su saurari karatun yara su gyara musu. Masu iya harshen suna nan da ransu, a ci moriyarsu tun suna kusa.